Mai Kafa Fil

Shekara goma sha tara ke nan Sista Babba tana aiki a ɗakin leƙa hanji, ɗakin ƙarshe a barandar asibiti, wanda tagarsa ke kallon injin wuta. Ta zo da ƙuruciyarta, a zamanin da duk wanda aka ga babban ƙari a hanjinsa sai an tsaga masa ciki. Yanzu kuwa tiyo mai kyamara ake zurawa, likita ya tura ruwa ƙarƙashin ƙarin ya taso, sannan ya bi shi da 'yar wuƙa da ba ta fi bakin allura ba, yana feɗewa kaɗan-kaɗan har ya fito sukutum.

Aikinta biyu ne. Tana danne cikin mara lafiya da tafin hannu don kada tiyon ya lanƙwashe. Sai kuma wanda ba ta yarda kowa ya taɓa mata: shimfiɗa abin da aka ciro a kan ɗan allo mai laushi, ta kafe bakinsa da fil, zagaye. Bakin nan masu gwaji ke dubawa su san ko an cire ciwon duka. In ya yage ko ya naɗe, sai su rubuto cewa ba su da tabbas. Rashin tabbas kuwa tiyata ke nan.

A gida takan zauna bakin gado da takalmi a ƙafa, ta daɗe ba ta cire ba. Maigidanta yakan ce, "Ke dai hannun nan naki na asibiti ne, mu aro muke samu." Tun bara ta lura kofin shayi na yi mata rawa da safe. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Ranar wata Talata aka kawo wani direban bas, ƙarinsa ya kai faɗin murfin kofi. Kafin a sa shi barci ya ce da ita, "Sista, don Allah kada a kai ga tiyata, in farka da jakar ba-haya rataye a cikina. Wa zai shiga motata?"

"Malam Direba, kwanta abinka. Yau mu ke tuƙi."

Ƙarin ya maƙale bayan wata kwana ta hanji. Da ta sassauta hannu sai hoton ya gudu daga talabijin. "Danna hagu, Sista," in ji likita. "Ƙara. Yauwa, riƙe nan." Ta riƙe. Awa uku da rabi tana riƙe.

Doguwa ce ke miƙa kayan aiki, nas tsararta, wadda suka shekara goma sha biyar suna yi wa juna tsiya.

"Tsohuwa, kawo in karɓe ki."

"Tsohuwa na gidanku. Miƙa abin da aka ce ki miƙa."

Da ƙarin ya fito, bai ko tsage ba, likita ya zare safar hannu ya jingina da bango. "Na gama nawa, Sista. Saura naki."

Ta shimfiɗa shi a allo. Bakinsa siriri ne kamar ɓawon albasa. Ta ɗauki fil, ya suɓuce. Ta ɗauki wani, tsininsa na rawa a kan naman kamar bakin keken ɗinki. Ta girgiza hannu, ta matse shi a hammata, ta sake gwadawa. Jiya i yau. A bayanta direban na ta minshari, baki buɗe.

Ta ajiye fil ɗin.

"Doguwa."

"Na'am?"

"Zo ki kafa."

Doguwa ta dube ta. "Ni? Ni da kika ce hannuna na ɗaurin buhu ne?"

"Har gobe na ɗaurin buhu ne. Amma ba ya rawa."

Doguwa ta buɗe baki za ta rama, sai ta ga yatsun Sista Babba. Ta sake safar hannu ta matso.

"Kada ki ja shi, ba tabarma ba ce. Lallaɓa. Ɗan matsa ciki. A'a, can zai yage. Yauwa." Fil ashirin da biyu, kowanne da faɗansa. Likita ya duƙufa kan takarda kamar bai ji komai ba.

Bayan kwana tara sakamako ya dawo. Doguwa ce ta karanto mata daga bakin ƙofa: baki tsaf, ko'ina ya karantu, babu tiyata.

"Kin ga aikin ɗaurin buhu?"

"Fil na uku daga hagu ya karkace," in ji Sista Babba.

Ta ɗauki gwangwanin fil ta ajiye a ɓangaren Doguwa na tebur. Sannan ta leƙa baranda. Mutum huɗu ne a benci, tun jiya babu abinci a cikinsu. Ta murza wuyan hannunta, ta kira na farko.