Abin da Nake Ɓoyewa a Cikin Niƙabi

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Waɗanda suka turo saƙo ban amsa ba, ku yafe ni.

Akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Niƙabin da na fara sakawa bayan bikin ƙawarmu, wanda ake ta yaba min, ba ustazanci ba ne. Bakina nake ɓoyewa.

Ranar kamu, mai kwalliya ɗaya ce ta yi mana, mu ƙawayen amarya, da jambaki ɗaya. Bayan 'yan kwanaki leɓena ya fara ƙaiƙayi da raɗaɗi. Sai zazzaɓi. Sai ƙananan ƙuraje masu ruwa suka fito, suka fashe. Ko shayi ba na iya kurɓa.

Na shafa man goge haƙori. Na shafa toka. Abin ya ƙaru.

Na roƙi wata ƙawata ta raka ni kemis a Sabon Gari, don kada a gan ni a unguwarmu Fagge. Mai kemis ya leƙa ya ce, "Wannan ai ciwon hapis ne."

Ni karatuna a firamare ya tsaya, sai ƙawar tawa ta duba a waya. Tana ganin hotunan ta matsa gefe. Ta ce, "Ke, wannan fa ciwon 'yan bariki ne, a ƙasa yake fitowa. Nura ya sani?"

Nura shi ne yake zuwa zance wajena. Yana tsaron shagon kawunsa a kasuwar Singa, kuma manyansa za su zo bayan Sallah.

Shekarata sha tara. Ban taɓa yin abin da take nufi ba. Amma wa zai yarda?

Da Nura ya zo na tsaya nesa. Ya ce, "Malama ustaziya, yanzu murmushin ma sai an nemi biza?" Na kasa dariya.

Umma ce ta kama ni ina cin tuwo na juya wa kowa baya. Ta ce, "A ɗaki ma sai an ɓoye fuska? Juyo in gani." Washegari muka tafi asibiti. Muka yanki kati, muka bi layi har azahar, aka goga auduga a wurin aka kai gwaji.

Likitar mace ce. Ta ce, "Ƙanwata, mutane da yawa suna ɗauke da shi tun suna yara. Ko jambakin ne ko ba shi ba, ba za mu sani ba. Wanda ke fitowa a ƙasan ma ciwo ne, ba shaidar hali ba."

Na tambaya ko zai warke. Ta ce zai kwanta, amma yana iya dawowa in na yi zazzaɓi ko damuwa. Nan na yi kuka.

Ƙwayoyi da man shafawar da ta rubuta min suna da tsada, amma Umma ta saya. Yanzu wurin ya bushe, alhamdulillahi. Allah Ya saka wa Umma da likitar nan da alheri.

'Yan uwa, ku je biki da jambakinku. In ya fito muku, ku ware kofinku, kada ku sumbaci jariri, kada ku shafa toka. Ku je asibiti, ba waya ba.

Har yanzu ban san ko ƙawata ta faɗa wa wani ba. Ban san me Nura zai ce ba, kuma ina tsoro.

Ranar Juma'a zai zo. Na ninke niƙabin na sa a ƙasan akwati. Da fuskata zan fita, kuma a bakina zai fara ji.