Masinjan Cikin Kan Baba Shekari

Shekara talatin Baba Shekari ya yi yana masinja a wata masaƙa a Kaduna. Takarda takan kwana bakwai a aljihunsa, duk wanda ya tambaya sai ya ce, "A dawo Litinin."

A 1999, da sojoji suka koma bariki, hannunsa na dama ya daina motsi. Likita ya zana masa ƙwaƙwalwa, ya ce saƙo kan tashi daga wannan sashe zuwa wancan, jijiya na miƙa wa jijiya har ya isa hannu, amma nasa ya maƙale a hanya.

Matarsa Scholastica ta ƙura wa zanen ido, ta ce, "Baban Vicky, ashe har cikin kanka an ɗauki irinka aiki. Likita, sai mu dawo Litinin."