Kawu Mai Tuta da Layin Kwal

Kawuna ya ƙare ƙuruciyarsa a mahaɗar titi da layin dogo, yana ɗaga jar tuta motoci su tsaya jirgi ya wuce. Jirgin ya daina zuwa tun ina goye, ciyawa ta cinye gadarsa ta kan kogi, amma har gobe Mai Tuta ake ce masa.

Mutum ne mai taurin kai na ƙin ƙarawa. Unguwarmu ma'aikatan jirgi suka kafa ta, su suka raɗa wa layukan suna: Layin Kwal, Layin Direbobi, Bakin Gada. Daga baya kowace gwamnati ta zo sai ta cire allo ta kafa na mutanenta. Kawu ko kallon allunan ba ya yi.

"Wanda bai taɓa ɗaukar shebur ɗin kwal ba, shi zai canza min sunan layi?" in ji shi. Mu yi ta dariya, Inna matarsa ta ce mu rabu da shi.

Wata rana da hantsi Inna na shanya sai ta yanke jiki ta faɗi, bakinta ya karkace. Su biyu ne kaɗai a gidan. Kawu ya ɗauki waya ya kira motar asibiti.

"Ina ne gidan, Baba?" yarinyar da ta ɗaga wayar ta tambaya.

"Layin Kwal, gangaren kogi."

"Babu wannan a wajenmu. Mene ne sunansa na yanzu?"

Kawu bai sani ba. Ya bar Inna kwance a ƙasa, ya fita ba takalmi zuwa bakin layi. Allon na can sama, idonsa ba ya kaiwa. Mai faci ya faɗa masa wani suna, mai shago ya ce a'a, wannan tun bara aka cire shi. Suna ta musu, yarinyar na ta cewa, "Baba, ina jinka," shi kuwa tunaninsa ɗaya, ko matarsa na numfashi.

Da ya rasa abin yi, sai ya shiga tsakiyar babban titi ya ɗaga hannu biyu. Wata motar kaya ta ci birki a gabansa, ita ta kai Inna asibiti.

Ta rayu, amma maganarta ba ta dawo ba. Likita ya ce da an kawo ta da wuri, da wataƙila. Kawu na tsaye aka faɗa, kuma ni ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Yanzu ya haddace sabon sunan, yana ta maimaita shi a zaure. Amma tsoron bai sake shi ba. Kullum da safe, kafin ya ba Inna magani, sai ya dogara sanda zuwa bakin layi, ya tare duk wanda ya fara wucewa.

"Ɗana, duba min allon nan. Ba su canza ba ko?"