Kukun Bature Ɗan Asali

Tun ina sakandare a Kazaure na kamu da son tsofaffin littattafan Turawan Ingila, irin na yawon duniya. Suna jibge a laburaren makaranta, cikin wata kabad da gara ta cinye wa ƙafa ɗaya. Labarin kusan guda ne kullum. Wani Bature ɗan babban gida zai tashi ya nufi ƙasar da ba tasa ba, neman zinariya ko wani ɓataccen gari, ga bara ɗan wata ƙasa biye da shi da akwati a ka. Wani lokaci baran baƙar fata ne, wani lokaci Ba'indiye, wani lokaci ma Bature ne daga ƙasar maƙwabta, amma duk kallo ɗaya ake musu. In an tashi ban dariya, baran ne zai faɗa rami. In an tashi yabonsa, sai a ce yana da biyayya, kamar yadda ake yabon doki.

Da fari ban ga aibin abin ba, don in ina karatu, a raina ni ne Baturen. Sai da na girma, na fara koyarwa a Roni, wata tambaya ta tsaya mini a rai. Barorin nan ba su da gida ne? Za ka cinye littafi sukutum ba ka ji an ce uwar wani ta aiko ba, ko matarsa ta haihu. Na so in san ko marubutan ne suka ƙi faɗa, ko kuwa haka abin yake da gaske.

Mahaifiyata, Inna, ba ta son ganin littattafan nan ko kaɗan, kuma tana da dalili. Yayanta, wanda muke ce wa Kawu, ya yi shekaru yana aikin kuku a gidan wani Bature a Kano. Da mahaifiyarsu ta kwanta ciwon ajali a ƙauyenmu na wajen Gwiwa, an aika masa, bai zo ba sai bayan sadakar bakwai. Kowa ya ce ai Bature ne ya hana shi, shi kuma bai musa ba. A kan haka Inna ta yafe wa yayanta, ta tattara fushin duka ta ɗora wa Baturen da ba ta taɓa gani ba. Tun da matar Kawu ta rasu, duk Juma'a ita da kanta take kai masa dambu, ta zauna su yi hira har la'asar.

Kawu mutum ne mai ban sha'awa. Tsohuwar rigarsa ko ta koɗe sai ya sa an goge ta. Da cokali yake cin tuwo, abin da abokan wasansa ba su taɓa gajiya da yi masa tsiya a kai ba. Ga shi kunnensa ya yi nauyi, in yana magana har maƙwabta suna ji. Ni kuwa na gane ina da abin da marubutan nan ba su da shi: ga baran nan zaune a zaure, yana shan shayi, ana iya tambayarsa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na bi shi gida. Muka zauna, shi ya ba ƙofa baya, ni ina fuskantarta. Na ba shi labarin littattafan, na ce wai haka Turawa suke raina bara?

Ya ce, “Malam, ai Turawa suna suka tara. Ku da kuka yi boko kuna ganin duk ɗaya ne. Su kansu ba ɗaya ba ne.”

Daga nan ya shiga jera mini su. Ya ce maigidansa ɗan asali ne, ubansa mai gonaki da dawaki ne a can ƙasarsu. Akwai kuma wani Baturen hanya da yake kula da leburori, wanda aka ce ubansa maƙeri ne ko mai gyaran famfo. In wannan ya zo gidan, uwargida takan leƙo kicin ta ce kada a fito da tangaran masu bakin zinariya, a ba shi shayi a na kullum, a baranda. Abin ya ba ni mamaki. Na ce shi Baturen hanyar ya sani? Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce ya sani mana, har hularsa yake murzawa a hannu in yana gaban maigida.

“Ba shi da aji,” in ji Kawu, yana yatsine fuska. “Ya zauna kan turmi ya ci gyaɗa da kukunsa. Ya san sunayen 'ya'yan kukun duka. In ya fusata ya yi ta ihu, in ya huce ya ba da taba. Nawa kuwa ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga mini murya ba. In ya ce a kawo ruwa sai ya haɗa da don Allah irin tasu. Kuma ba ya shiga harkarka. Kai ma ba ka kawo masa taka.”

Na lura raini ɗaya yake wa Baturen hanyar da wanda na saba gani a littafi, kamar a kwano ɗaya suka sha shi. Wannan ya ƙara mini ƙaimi. A daidai lokacin Inna ta iso bakin zaure da kwanon dambu, ta yi sallama, Kawu bai ji ba. Na gan ta sarai. Amma ina tsammanin amsar da zai bayar ita ce wadda ta riga ta sani, don haka na ci gaba.

Na ce, “To Kawu, mutum mai kirki haka, me ya ce maka ranar da ya hana ka zuwa wajen kaka?”

Ya ajiye kofi.

“Bai hana ni ba.”

Na ce ban gane ba.

“Ban tambaye shi ba, Malam. A lokacin ana jiran manyan baƙi, ni kaɗai na iya abincin da za a yi. Sau uku ina zuwa bakin ƙofar ofis ɗinsa ina komawa. Kukun Baturen hanya shi ne zai shiga ya ce uwata ba lafiya, a ɗauke shi a mota a kai shi. Mu a gidanmu ba a haka. Na ce bari baƙi su tafi.” Ya shafa gemu. “Ko da na je daga baya, hutu kawai na nema. Har ya koma ƙasarsu bai san ina da uwa ba. A lokacin kuma abin alfahari na ɗauke shi.”

Amsar da na daɗe ina nema ke nan, kuma wallahi da na sani da ban nema ba. Inna ta shigo ta durƙusa, ta ajiye kwanon a gabansa a hankali. Sai a lokacin ya gan ta. Ban taɓa ganin fuskar tsoho ta canza haka ba.

Ta ce, “Yaya, kwana goma sha biyu ta yi tana cewa kada a ga laifinka, ba kai ke da kanka ba.”

Ta miƙe ta gyara mayafinta ta fita, ko kallona ba ta yi ba.

Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Dambu bai fasa zuwa ba har Kawu ya rasu, shekara huɗu bayan haka. Sai dai daga wannan Juma'ar ni nake kai masa. Duk sanda na shiga zauren sai ya leƙa bayana tukuna, sannan ya karɓi kwanon.