Karen da Aka Koya wa Tsayuwa

Ko da zan manta komai na shekarun tashin hankali a Gombe, ba zan manta Duna da mutumin da ya hore shi ba.

Ina shekarar farko a jami'a bam ya tashi kusa da shagon da Baba yake sayar da yadi. Allah ya bar mana shi da rai, amma idanun sun tafi. Ni kaɗai ne namiji a gidan, sai na ajiye karatu na zama ɗan jagoransa: masallaci, asibiti, shago. Ban yi ƙorafi ba, dama ni ba mai yawan magana ba ne. Amma Baba ya san idan wani zangon ya wuce ban koma ba, gurbina ya tafi.

Maƙwabcinmu a Pantami, wani Batangale gandiroba, shi ya kawo shawara. Ya ce akwai mafarauci ɗan Kwadon a gidan yari, wanda ya sari mutum a rigimar rabon nama, shi ke kula da karnukan gadi, kuma zai iya horar da kwikwiyo ya ja makaho. Inna ta ce kare ba zai taka mata tsakar gida ba. Na bi littattafan fiƙihu, na tambayi malamai, daga ƙarshe aka daidaita a yi masa rumfa a ƙofar gida.

Ranar da aka fara shiga da ni wajen mafaraucin, bayan an caje ni har takalmi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne ɗan makarantar? Ai ka fi karen tsoro." Ya shafa kan wani baƙin kwikwiyo, shi ne Duna, ya ce, "Duk karen da na taɓa riƙewa gudu na koya masa. Yunwa da bulala, ya ji motsi ya zabura. Yanzu wai in koya wa wannan tsayuwa. Ni da ban taɓa tsayawa ba!"

Da bulalar ya fara, don ita ya sani. Sai Duna ya koma maƙalewa da zarar an ɗaga hannu. Shi da kansa ya gane ɓarnar: makaho da hannu yake lalube, karen da ke tsoron hannu ba shi da amfani a wajensa. Ya yar da bulalar. Ya riƙa rage gabzarsa, tuwon gidan yari, yana ba karen a tafin hannu. Yakan ɗaure idonsa da tsumma Duna ya zagaya da shi fili, sauran fursunoni na yi masa sowa. Rannan a gabana ya faɗa kwata, aka fashe da dariya. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya miƙe ya gyara tsumman, ya ce, "Mu sake, Duna." Da yamma kuma yakan sa a riƙa doka murafan tukwane ba zato, har karen ya daina firgita.

Bayan watanni aka miƙa mana shi. Ina bin Baba da Duna a baya kamar yadda mafaraucin ya ce, wata safiya tayar tifa ta fashe kusa da shingen sojoji. A lokacin duk ƙara bam ce. Mutane suka watse, masu talla suka zubar da kaya, turereniya ta kwashe ni har na daina ganin Baba. Da na kutso na dawo, na same shi jingine da bangon wani shago, bakin buɗaɗɗiyar kwata. Duna ya gitta jikinsa a gaban ƙafafunsa, mutane na wucewa a guje, shi ko gezau.

Baba ya ji numfashina, ya ce, "Ka dawo? Mu dai muna nan."

A makon ya ce in tattara littattafaina in koma makaranta.

Kafin in koma na je na ba mafaraucin labari, don shi ba zai taɓa ganin aikinsa a titi ba. Ya saurara har na gama, ya ce, "Bai ja igiya ba?" Na ce ko kaɗan. Ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe haka, sannan ya goge fuska da hannun riga ya ce, "Ka gaya wa babanka kar a ba Duna ƙashin kaza."

A da na ɗauka haƙuri hali ne da ake haifar mutum da shi, irin shiruna. Wannan mutumin ya nuna min koyonsa ake yi, da faɗuwa a kwata ana dariya, kuma ba ka iya koya wa wani tsayuwa sai kai ka fara tsayawa.