Mai Riƙe Tsani

Kawuna mai sa gilashin taga ne. Shekara talatin yana hawa tsani, yatsunsa duk tabo. Ran nan ya tarar da ni da matata muna musu kan jaruman littafin zane: ni ina bayan mai tashi sama, ita tana bayan mai ɗaga jirgin ƙasa.

Ya karɓi littafin, ya ga gwanina ya fasa taga ya shiga. Ya ja tsaki.

"Gidan babu ƙofa ne? Ku raba ni da shirme! Abokin aikina mai riƙe mini tsani ne jarumi. Gilashi ya suɓuce mini daga hawa na uku, ya tsaga masa kafaɗa. Jini har ƙasa, amma bai saki tsanin ba sai da na sauko."