Gwaggo a Gindin Ƙarfen Sabis

Duk sanda warin hayaƙin janareto ya haɗu da ƙamshin ɗanwake a hancina, sai in ga kaina ina ɗan aji huɗu, da fararen ƙafafu, ina leƙen makarantarmu ta kan katanga. Ka yi mini uzuri idan ka ga na tsaya a bakin titi ina murmushi ni kaɗai. Gwaggo nake tunawa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, inda kanal yake ratsa gonaki rani da damina. Gwaggo yayar babana ce. Ita ta goye shi bayan rasuwar kakarmu, shi ya sa har ya yi furfura ba ta daina ce masa Auta ba. Gajeriya ce, mai ƙaramar murya, amma idan ta kafe a kan magana gara ka je ka lallashi turmi. Sana'arta ɗanwake, a ƙofar gidanmu take sayarwa tun kafin a haife ni.

A shekarar da nake ba ka labari aka zo aka kafa ƙarfen sabis a filin da ke jikin katangar makarantarmu. Da farko murna aka yi. Dillalan tumatir sun huta da hawa kan tudu suna ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Amma ba a jima ba magana ta fara yawo a majalisa da wajen sussukar shinkafa. Aka ce ƙarfen yana fitar da wani tururi da ido ba ya gani, yana dafa ƙwaƙwalwar yara, yana hana haihuwa. Wani ya ce a Kano ya ji, wani ya ce ɗan'uwansa ne ya gani a waya. A wayar da ƙarfen ya kawo, ka ji fa. Kazar da ta ƙi ƙyanƙyasa, ƙarfe ne. Tsohon da ciwon kai ya dame shi tun kafin a yi kanal, shi ma ƙarfe ne.

Ban ga laifin iyayenmu ba, har yau. Abu ne dogo, baƙo, yana gurnani dare da rana a kan 'ya'yansu, kuma babu wanda ya zo ya yi musu bayani kafin a kafa shi. Suka yi gayya suka je wurin hedimasta. Mutumin kirki ne, mai gudun rigima, irin wanda in ka ɗaga murya sai ya ba ka kujerarsa. Ya ga idan ya musa za a kwashe masa yara. Sai ya ce to, azuzuwan da ke kusa da katanga za su koma ƙarƙashin bishiyoyin mangwaro, can nesa da ƙarfen. Kowa ya yi masa godiya aka watse. Abin da babu wanda ya kawo a ransa shi ne, mangwarorin nan a bakin kanal suke.

Wayyo daɗi! Bazara ce, rana kamar ta tsaga kai, ga ruwa yana gudu a gabanmu, sanyinsa yana busowa har kan allo. Da an kaɗa ƙararrawar tara sai mu tuɓe mu faɗa. A tashi ma mu koma. Wurin da muka fi so shi ne inda ruwan yake kwanciya cikin ciyawa, mai ɗumi, cike da ƙananan katantanwa da muke tsinta muna jifan juna. Mu a lokacin addu'a muke Allah ya ƙara wa ƙarfen nan tsawon rai.

Shinkafar rani ta fara nuna lokacin da na ga jini a ƙarshen fitsarina. Na ɓoye, har ranar da Inna ta gani a wandona ta ɗora hannu a ka. Ashe ba ni kaɗai ba ne, kusan duk yaran ajinmu haka. Nan fa gari ya ɗauka. Ga abin da ake faɗa ya tabbata, tururin ya bi yara har bakin ruwa. Baba ya dawo daga gona, ko fartanya bai ajiye ba ya ce na gama boko. Gobe in bi shi korar tsuntsaye a shinkafa. Na yi kuka sosai, don ina son karatu, kuma na san Baba: yaron da ya shiga gona da shi ba ya komawa aji.

Gwaggo tana tsame ɗanwake daga tukunya, ba ta ko ɗago ba.

"Auta, zo nan."

"Yaya, maganar nan na riga na yanke."

"Na ji. Shekarar da aka fara sako ruwa a kanal, wa na kai wurin mai magani yana fitsarin jini yana kuka? Wa na wanke wa wando a ɓoye don kada abokansa su yi masa dariya?"

Baba ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya sake duban ƙasa.

"A lokacin wane ƙarfe ne a garin nan? Tsargiya ce, Auta. Ka san ta, ta san ka. A ruwa ake ɗaukarta."

Ya ce ko da tsargiya ce, shi dai hankalinsa bai kwanta da ƙarfen ba, kuma ba zai yi gwaji da ɗansa ba. Ta ce ta yarda, kada ya yi gwaji da ɗansa. A yi da ita.

Washegari ta aza mini tukunya a ka, ta ɗauki murhu da kujerarta 'yar tsugune, muka nufi makaranta. Ta tsaya a ƙofar ofishin hedimasta ta yi sallama.

"Malam, tsoro muka kawo maka, sai ka karɓa ka taya mu riƙewa. Da ka ce mu zauna a bincika, da ya fi. Yanzu ka kwaso yaran nan daga bakin ruwa, ka nemo mana ma'aikacin lafiya. Ni kuma ga ni a gindin ƙarfen. In yana dafa ƙwaƙwalwa, tawa ce kusa."

Ta kafa murhunta a jikin wayar da aka kewaye ƙarfen da ita, inda ƙarar janareto ta fi yawa. Kwanakin farko ko mutum ɗaya bai saya ba. Mata suna wucewa suna cewa Gwaggo ta haukace. Ɗanwaken ya huce, ta dawo da shi gida mu ci, gobe ta sake kwaɓa wani. Na sha ganinta da la'asar ta ɗaure kai da ɗankwali saboda ƙara da hayaƙi, amma in ka tambaye ta sai ta ce lafiyarta ƙalau. Direbobin motocin tumatir ne suka fara tsayawa, su yunwa ba ta bar su sun ji tsoro ba. Daga nan malamai, daga nan kowa.

Hedimasta kuwa ya yi abin da ya kamata. Ya kawo ma'aikacin lafiya, ya tara iyaye, aka bar kowa ya yi tambayarsa har ya gaji. Mutumin ya ce shi bai san wata shaida da ta nuna ƙarfen yana cutar da yara ba, amma tsargiya kam ga ta a gabansa. Aka jera mu ana auna tsayinmu da sanda, ana ba mu wasu manyan ƙwayoyi masu ɗaci. Jinin ya ɗauke. Aka mayar da azuzuwa cikin gini.

Duk da haka Baba bai mayar da ni makaranta ba. Ina can ina kaɗa gwangwani a gonar shinkafa har aka yi girbi, Gwaggo kuma tana can a zaune. Wata safiya ya bi ta wajen, ya tsaya ya daɗe yana kallon yayarsa cikin hayaƙi, ta rame, tana fifita wuta. Da ya dawo gida sai ya ce da Inna ta wanke mini rigar makaranta.

Yau ni ne nake zaune a kujerar hedimasta, a wata makarantar ta wajen Madobi. Har yanzu iyaye suna zuwa mini da tsoro. Wannan ta ji an ce waya a aljihu tana kashe mazakuta, wancan yana so a hana malamai shiga aji da ita. Ba na yi musu dariya, ba na kuma ce musu to don a rabu lafiya. Nakan shimfiɗa tabarma, in kira wanda ya sani, mu zauna har sai an fahimci juna. Kafin in matsar da yaro ko taku ɗaya, sai na je na ga inda zan kai shi da idona.

Gwaggo ba ta koma ƙofar gida da sana'arta ba. Ta ce ciniki ya fi a can. Ta tsufa a gindin ƙarfen nan, da hankalinta garau, tana tuna wa Baba abin da ya yi yana ɗan shekara bakwai. Ranar da Allah ya karɓi abarsa ina makarantar da nake aiki, a waya aka gaya mini. Ta ƙarfen nan kiran ya biyo.